Siginar GPS da ta bugi ƙasa ta dawo: za ta iya gaya wa manomi ranar ban ruwa?

Tun da Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba tagwayen taurarin ɗan'adam na HydroGNSS a watan Nuwamba 2025 maganar auna danshin ƙasa da siginar GPS ta sake tasowa, kuma yadda ake yaɗa ta a taƙaice shi ne wai nan gaba kaɗan tauraro zai riƙa gaya wa mai noman rani yau ka kunna inji, gobe ka bari. Akwai gaskiya a ciki, amma an cakuɗa abubuwa uku da suna ɗaya, kuma an tsallake tambayar da ta fi komai nauyi, wato zurfin da siginar take gani a cikin ƙasa da faɗin filin da take aunawa a lokaci guda.

Danshin ƙasa a lissafi

In masana suka ce danshin ƙasa kashi 20 ne cikin 100, nufinsu in ka ɗebo ƙasa cikin mazubi mai cin lita ɗaya, to mililita 200 a ciki ruwa ne. Hanyar asali ta sanin haka ita ce a ɗebo ƙasar a auna nauyinta, a busar da ita a tanda a zafin digiri 105 kamar kwana ɗaya, a sake aunawa, abin da ya ragu shi ne ruwan. Duk wata na'ura da wannan hanyar ake gwada ta.

Sai dai lambar ita kaɗai ba ta ce komai ba sai an san irin ƙasar. Jigawa mai rairayi, bayan ta sha ruwa ta tsane, abin da take riƙewa bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 ba, shuka kuma tana fara yaushin da ba ya tashi in aka sauka wajen kashi 5. Ƙasa mai laka kuwa tana riƙe kashi 35 zuwa 40, amma laka na damƙe ruwan har shuka ta yi yaushi alhali akwai wajen kashi 20 a ciki. Ka ga kenan kashi 20 a jigawa ƙasa ce jiƙe sharkaf, a laka kuma ƙishi ne. Ruwan da ke tsakanin waɗannan iyakoki biyu shi ne wanda shuka ke iya sha, kuma a kansa ake yanke hukuncin ban ruwa.

Yadda siginar nuna hanya ta koma ma'auni

Taurarin GPS na Amurka suna yawo a nisan kusan kilomita 20,200, ga Galileo na Tarayyar Turai, ga GLONASS na Rasha, ga BeiDou na Sin, gaba ɗayansu ana ce musu GNSS kuma jimillarsu ta haura 100. Dare da rana suna watso sigina, wayarka ta kama ɗan abin da ya zo mata kai tsaye ta gane inda kake, sauran kuwa yana zuba a kan teku da daji da gonaki, wani ya shige cikin ƙasa wani ya yi tsalle ya koma sama kamar yadda murya ke dawowa in ka yi kuwwa a jikin dutse. Wannan amsa-kuwwar ita ake saurara, ana kiran dabarar GNSS-R, kuma amsa-kuwwar ce ma'anar harafin R ɗin da ke cikin sunan.

Abin da ya sa take da alaƙa da ruwa shi ne akwai wani ma'auni na yadda kowane abu ke karɓar igiyar rediyo: iska 1 ce, busasshiyar ƙasa 3 zuwa 5, ruwa kuma kusan 80. Tazarar nan babba ce, don haka ɗan ruwa kaɗan ya shiga ƙasa sai halinta ya canza, ta koma kamar madubi ga siginar. A lissafin takarda, in ƙasar sumul ce, busasshiya tana mayar da kamar kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin siginar, jiƙaƙƙiya sosai kuma tana mayar da sama da huɗu cikin goma. To in kana da risiba mai eriya biyu, ɗaya na kallon sama tana kama sigina ta kai tsaye ɗaya na kallon ƙasa tana kama wadda ta dawo, kwatanta ƙarfinsu zai ba ka kimar danshi. Wani abin da ke taimakawa kuma, siginar GPS tana zuwa ne tana murɗawa ta dama, in ta bugi ƙasa ta dawo yawancinta sai ta juya tana murɗawa ta hagu, shi ya sa ake iya rarrabe su.

Sa'a aka yi a wajen zangon siginar. Babbar siginar GPS tana kan megahaz 1575.42, tsawon zangonta kusan santimita 19, kuma wannan yankin shi ne dai wanda taurarin da aka ƙera musamman don danshin ƙasa suke aiki kusa da shi, saboda yana ratsa gajimare da ruwan sama da ganye madaidaici, ba ya buƙatar hasken rana. Waɗanda suka tsara GPS ba su da manomi a rai ko kaɗan, dacewa ce kawai.

Daga ina abin ya faro

A 1993 wani injiniya a Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, Manuel Martín-Neira, ya kawo shawarar amfani da siginar GPS da ta dawo don auna tsayin fuskar teku. Teku aka sa a gaba, ƙasa daga baya ta shigo. A 2002 an ɗora irin wannan risiba a jirgin sama a wani gwajin danshin ƙasa a gonakin jihar Iowa ta Amurka, aka ga ƙarfin siginar na bin jiƙar ƙasa. A 2003 tauraron UK-DMC na Ingila ya tafi da risibar gwaji ya kamo amsa-kuwwar daga sararin samaniya, TechDemoSat-1 ya biyo baya a 2014.

Wanda ya buɗe ƙofar sosai shi ne CYGNSS na hukumar NASA, ƙananan taurari takwas da aka harba ranar 15 ga Disamba 2016 don auna ƙarfin iska a tsakiyar guguwar teku. Tunda taurarin ba sa kashe risiba in sun zo kan tudu, sai data ta taru, kuma a 2018 Clara Chew da Eric Small suka nuna cewa canjin ƙarfin siginar a kan ƙasa yana tafiya daidai da canjin danshi. Sin ma ta sa irin na'urar a tauraronta na hasashen yanayi FY-3E a 2021. HydroGNSS kuwa tun daga zane don ruwan da ke kan tudu aka yi shi.

Suna ɗaya, hanya uku

Ta farko eriya ce a kan sanda a cikin gonar. A nan ba ma sai da eriya biyu ba. Kristine Larson ta Jami'ar Colorado da abokan aikinta suka nuna a 2008 cewa tashoshin GPS da aka kafa don lura da motsin ɓawon duniya suna ɗauke da labarin danshi ba tare da kowa ya lura ba. In tauraro yana ƙasa-ƙasa kusa da inda sama ta haɗu da ƙasa, kamar digiri 5 zuwa 30, siginar kai tsaye da wadda ta bugi ƙasa suna haɗuwa a eriya ɗaya, wani lokaci su ƙarfafa juna wani lokaci su rage wa juna ƙarfi, sai layin ƙarfin sigina ya riƙa hawa da sauka kamar igiyar ruwa. In ƙasa ta jiƙe sai igiyar nan ta ɗan gusa, gusawar ita ake mayarwa danshi. Masu safiyo dai a wurinsu wannan hayaniya ce da suka daɗe suna neman hanyar kawar da ita. Eriya ɗaya mai tsayin mita biyu tana ganin fili kamar murabba'in mita 1,000 a kewayenta, kuma tunda kowane tauraron GPS yana sake bin layinsa a sama kullum, yana dai riga na jiya da kamar minti huɗu, ana samun awo a wuri ɗaya kowace rana.

Ta biyu a ɗora risiba a jirgi mara matuƙi ko ƙaramin jirgi ya zaga gonar ya fitar da taswira. Tana nuna ɓangaren da ya jiƙe da wanda ya bushe, amma hoton ranar da aka tashi ne kawai, kuma har yanzu yawancinsa a matakin gwaji yake.

Ta uku ita ce ta tauraro, ita ce kuma ake yayatawa. CYGNSS na yawo a tsayin kusan kilomita 510, yana ganin yankin da ke tsakanin digiri 38 arewa da 38 kudu da layin da ya raba duniya biyu. In fili shimfiɗaɗɗe ne sumul, wurin da siginar ta fito daga shi faɗinsa kamar rabin kilomita ne, amma tauraron na gudu, don haka awon yana miƙewa ya zama zirin kilomita 3.5 zuwa 7, in kuma ƙasar mai gargada ce sai ya bazu ya kai wajen kilomita 25. Ga shi kuma ba hoto yake ɗauka ba, ɗigo-ɗigo ne a warwatse duk inda lissafin kusurwa ya faɗa, yau nan gobe can. Shi ya sa ake raba taswira gida-gida kamar akwatuna a tara ɗigon a ciki, kuma sanannen tsarin datar danshi na CYGNSS da akwatin kilomita 36 ya fara. Akwati ɗaya irin wannan hekta 129,600 ne. Ƙididdigar da ake yawan ambata ta gonakin duniya ta ce cikin gonaki kusan miliyan 570, sama da kashi 80 cikin 100 ba su kai hekta biyu ba. Kwatanta lambobin nan biyu ya isa ya nuna cewa tauraro ba gonar mutum ɗaya yake aunawa ba.

Maganar santimita biyar

Nan ne ainihin ƙullin yake. Ko eriya ce a gona ko tauraro, siginar ba ta jin abin da ya wuce kamar santimita biyar na saman ƙasa, in ƙasar ta jiƙe sosai ma ba ta kai haka ba, santimita ɗaya ko biyu ne. Shuka kuwa da saiwa take sha. Albasa da latas saiwarsu na cikin santimita 30 na sama, masara da alkama da auduga suna kai mita ɗaya ko fiye in ƙasa ta ba su hanya, itatuwan lambu su zarce haka.

Saman ƙasa da cikinta ba sa tafiya tare. An yi ban ruwa mai kyau yau, kwana ɗaya ko biyu rana da iska sun busar da ɓawon sama har ya yi fari, amma a zurfin taƙi biyu ƙasa na nan da laimarta, mai bin lambar saman kawai zai sake kunna inji ya zuba ruwan da ba a buƙata, ya ƙona mai, ya wanke taki ya tura shi ƙasa da inda saiwa ke kaiwa. A juya kuma, yayyafi na milimita uku ko huɗu ya isa ya jiƙa saman nan sigina ta ce ƙasa ta ƙoshi, alhali saiwa ba ta ga ko ɗigo ba. Manomin da ke tona ƙasa da hannu ya dunƙula ya ga ko za ta kama jikinta ya san wannan tun tuni, na'urar ce take da wannan makantar.

Mafitar da masana ke bi ita ce haɗa awon saman da lissafin kwamfuta: a sa irin ƙasar, a sa ruwan saman da ya sauka, a sa zafi da iska da yawan ruwan da shuka ke fitarwa ta ganye, sai a ƙiyasta abin da ke wajen saiwa, awon saman kuma ya riƙa gyara lissafin in ya kauce. Haka NASA ke fitar da ƙiyasin danshi har zurfin mita ɗaya daga SMAP, tauraronta na auna danshin ƙasa, a akwatin kilomita 9. Yana aiki, amma ƙiyasi ne da ya dogara da ingancin abin da aka zuba masa, kuma abu ɗaya da lissafin bai cika sani ba shi ne yawan ruwan da manomin da kansa ya zuba.

Sai batun kuskure. Mizanin da ake nema a wannan fanni shi ne kuskuren da bai wuce maki 4 cikin 100 ba, wato in na'ura ta ce 15 gaskiyar na iya zama 11 ko 19, kuma tashoshin ƙasa a fili mara ciyawa da yawa suna kaiwa wajen haka. Ga mai nazarin fari a faɗin ƙasa guda wannan ya yi kyau ƙwarai. Ga mai jigawa wanda duk ruwan da shukarsa ke iya sha bai wuce maki 8 ko 10 ba, kuskuren maki 4 kusan rabin ma'ajiyarsa ne.

Akwai masu neman zango mai tsawo wanda zai fi nutsewa. Ƙaramin tauraron gwaji na SNoOPI, wanda Jami'ar Purdue ta jagoranta tare da NASA aka kai shi sama a 2024, an ƙera shi ne don sauraren amsa-kuwwar siginar taurarin sadarwa masu zangon da ya kai wajen mita ɗaya, da niyyar isa wajen saiwa. Dabarar iri ɗaya ce, amma wannan ba siginar GPS ba ce kuma.

Abubuwan da ke ruɗa awon

Ganye ruwa ne a jikinsa, don haka yayin da shuka ke girma tana shanye wani ɓangare na siginar a hanyar sauka da hanyar komawa, kuma daidai lokacin da masara ta rufe gona take tsananin buƙatar ruwa a lokacin ne awon ke raunana. Gargadar ƙasa ma haka, gonar da aka yi wa huɗa ko kunya tana watsa siginar ko'ina sai ta dawo da rauni, a ɗauka bushewa ce. Ruwa a fili, ko kogi ko dam ko fadamar shinkafa da aka cika, yana mayar da sigina da ƙarfin da ke danne duk abin da ke kewaye. Gishiri a ƙasa, wanda ya zama ruwan dare a filayen da aka daɗe ana ban ruwa, shi ma yana canza halin ƙasar. Ban ruwan ɗigo-ɗigo yana jiƙa ɗan wuri ne a gindin shuka, in ma bututun a binne yake to saman a bushe zai zauna kullum. Ga kuma na'urorin toshe GPS da ake kunnawa a wuraren yaƙi, suna lalata datar yanki guda.

Masu goyon baya da masu taka-tsantsan

Hujjar masu goyon baya arha ce da yawan awo. Abu mafi tsada da cin wuta a tauraron rada, wato mai aika siginarsa da kansa ya saurari dawowarta, shi ne na'urar aika sigina, a nan kuwa an riga an biya kuɗinta, risiba kawai za a ɗora, shi ya sa ake iya harba ƙanana da yawa. Suna kuma tuna cewa SMAP, wanda aka harba a Janairu 2015, radarsa ta mutu a watan Yuli na shekarar, aka bar shi da na'urar da ke gani a faɗin kusan kilomita 40 tana dawowa wuri duk kwana biyu zuwa uku, takwaransa SMOS na Turai kuma tun 2009 yake sama. Ayarin ƙananan taurari na iya cike giɓin kwanakin, kuma in ɗaya ya lalace, kamar yadda aka rasa ɗaya cikin takwas na CYGNSS a 2022, sauran na ci gaba. Game da eriyar gona kuma suna cewa na'urar da ake binnewa tana jin ƙasar da ke manne da ita ne kawai, ɗan dunƙule, ita kuwa eriya tana ba da matsakaicin fili mai faɗi kuma garma ba ta tsinke ta.

Masu taka-tsantsan ba sa musun ilmin. Abin da suke cewa shi ne datar danshi ta CYGNSS da awon SMAP aka daidaita ta, kenan ba sheda mai zaman kanta ba ce, kuskuren wancan na iya bin ta. Suna ƙarawa da cewa don hukuncin gona ɗaya akwai kayan da suka fi kai tsaye: na'urar da ake binnewa a zurfi daban-daban, ko bututun da ke auna ƙarfin da saiwa za ta yi kafin ta tsotsi ruwa, ko lissafin ruwan da shuka ke fitarwa daga bayanan yanayi. In kuma ƙaramin fili ake son gani daga sama, radar tauraron Sentinel-1 na Turai tana ganin gomman mitoci, ga NISAR na Amurka da Indiya da aka harba a Yuli 2025. In aka auna hujjojin biyu, sun fi kama da amsar tambayoyi biyu daban, ɗaya na maganar yanki ɗaya na maganar gona.

Wa abin zai taɓa

Noma na cin kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗi da ake ɗiba a duniya, kuma milimita ɗaya na ruwa a hekta ɗaya lita 10,000 ce, don haka ko ban ruwa ɗaya aka tsallake a babban fili abin da aka tsira da shi ba kaɗan ba ne. Waɗanda za su fara cin moriyar datar tauraro su ne masu raba ruwa: hukumar da ke riƙe da dam tana son sanin wane ɓangaren kwari ne ya fi bushewa kafin ta buɗe ƙofa, masu hasashen fari da ambaliya, da kamfanonin inshorar amfanin gona da ke biya bisa ma'aunin yanayi. Ƙaramin manomi zai ji tasirin ne ta bayan fage, ta jadawalin sakin ruwa ko saƙon gargaɗi a waya, kuma a nan akwai abin lura, in aka ɗaure rabon ruwa ko biyan inshora a kan matsakaicin akwati mai faɗin kilomita da yawa, wanda gonarsa ta fi maƙwabta bushewa zai iya faɗawa cikin waɗanda lamba ta ce ba su da matsala.

Manyan gonaki da ƙungiyoyin manoma masu fili a haɗe su ne eriyar sanda za ta fi yi wa amfani, musamman da wasu manyan gonakin da ke tuƙa tarakta da GPS suna da tashar risiba a kafe tun da can. Datar CYGNSS kyauta NASA ke bayar da ita, sai dai tana buƙatar mai sarrafawa, kuɗin da manomi zai biya na wannan sarrafawar ne. Duk wanda aka kawo wa irin wannan sabis ɗin yana da tambayoyin da za su bayyana masa abin da yake saye: lambar nan ta fili mai faɗin nawa ce, ta zurfin nawa ce, awo ce ko ƙiyasi, kuma an taɓa gwada ta da ƙasar da aka ɗebo aka busar daga irin gonarsa a lokacin da shuka ta rufe ƙasa?